Mutanen Bamuda da na Yuganda a ƙetare: me ya raba aljihunsu?

Tambaya: Malam, ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a tsakiyar Ingila. Cikin abokan aikina akwai 'yar tsibirin Bamuda, akwai 'yar Yuganda. Dukansu baƙar fata ne, da Turanci suka yi karatu, albashinmu ɗaya. Amma ta Yuganda ba ta san hutu ba, kullum tana roƙon ƙarin awanni, ta Bamuda kuwa in an ɓata mata rai sai ta ce za ta ajiye aikin ta nemi wani. Abin mamaki, ita ta Bamudan ce mai yawan kukan babu. Halin mutum ne, ko akwai bambanci na gaske tsakanin al'ummomin nan biyu da ke zaune a ƙetare?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Hali yana da nasa rabon, ba a musu, amma abin da kika gani ya girmi matan nan biyu. Mu masu nazarin ƙaura da kuɗin 'yan ci-rani, kafin mu tambayi albashin mutum mukan tambayi abu biyu: wace takarda ce a jakarsa, kuma kuɗi tsakaninsa da gida ina ya sa gaba. A kan waɗannan biyun ɗan Bamuda da ɗan Yuganda sun yi hannun riga.

Bari in fara da girma, kada a ɗauka tsara ake gwadawa da tsara. Bamuda tarin ƙananan tsibirai ne a arewacin tekun Atlantika, kusan kilomita 1,000 daga gaɓar Amurka. Faɗinta duka wajen murabba'in kilomita 54 ne, kuma ƙidayar 2016 ta sami mutum kusan 64,000. Yuganda a ƙidayar 2024 ta kai mutum miliyan 45.9. Ƙidayar Ingila da Wales ta 2011 ta sami haifaffun Yuganda kusan 60,000, wato waɗanda ke wannan yanki kaɗai sun kusa cika Bamuda baki ɗaya. 'Yan Bamuda a Birtaniya kuwa 'yan dubbai ne, haka a Amurka da Kanada. In aka raba arzikin ƙasa na shekara a kan mutanenta, ɗan Bamuda zai tashi da sama da dala 100,000, ɗan Yuganda da wajen dala 1,000. Wanda ya tsaya a wannan lissafin zai ce an gama magana, mai kuɗi ne da talaka. Sai dai ba ƙasa ce ke hawa jirgi ba, mutum ne, kuma wanda ke barin Bamuda ba shi ne mai dala 100,000 ɗin ba, wanda ke isa Landan daga Kampala shi ma ba shi ne mai dala 1,000 ba.

Takarda ita ce uwar bambancin. Bamuda har yau yankin Birtaniya ne. Tana da majalisarta da firimiyanta, amma gwamna daga Landan ake turo shi, kuma a ƙuri'ar raba gardama ta 1995 mutanenta sun ƙi 'yancin kai da rinjaye mai yawa. Da can wannan bai ba su damar zama a Ingila ba. Dokar 2002 kan yankunan Birtaniya na ƙetare ce ta mai da su cikakkun 'yan ƙasa. Tun daga ranar, 'yar Bamuda tana sauka a filin jirgi ta bi layin 'yan gida. Ba ta neman izinin aiki, ba wanda zai ce zamanta ya ƙare, asibitin gwamnati nata ne da zarar ta zauna, tallafin gwamnati ma tana da haƙƙi bayan ta nuna cewa zama ta zo yi, ba ziyara ba. Daga 2007 ɗaliban waɗannan yankuna suka fara biyan kuɗin jami'a irin na 'yan gida a Ingila. Amurka ma suna shiga ziyara ba biza, har jami'an shige da fice na Amurka a filin jirgin Bamuda suke tantance su kafin su tashi, tafiyar awa biyu sai ga su a New York.

Yanzu dubi 'yar Yuganda. In da bizar kula da tsofaffi ta shigo, wadda aka buɗe wa ƙananan ma'aikata a farkon 2022, to zamanta a ƙasar ɗaure yake da kamfanin da ya tsaya mata. Ta ajiye aiki, ko kamfanin ya rasa lasisinsa, kwana 60 ake ba ta ta samo wani mai tsaya mata ko ta tattara. A takardarta an rubuta ba ta da rabo a tallafin gwamnati. Sai ta cika shekara biyar kafin ta nemi zaman dindindin, kuma a 2025 gwamnati ta fito da shirin tsawaita wa'adin. Waɗanda suka nemi bizar daga Maris na 2024 an hana su zuwa da miji ko 'ya'ya, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko sababbi daga waje. Da yawa sun biya dillalai dubban fam kafin su sami gurbin, alhali doka ta hana sayar da shi, kuma kuɗin na bashi ne ko na fili da aka sayar. Mace mai irin wannan kaya a ka ba ta faɗa da manaja. In an canza mata jadawali ta ce to, in an ce ta zo ranar hutunta ta ce to. Kada ki ɗauka haƙuri ne kawai. Ita da abokiyar aikinta suna ɗaga tsohuwa ɗaya daga gado ɗaya, amma in suka yi kuskure iri ɗaya, ɗaya aiki za ta rasa, ɗaya kuwa aiki da ƙasa da abin da ta ranto.

To me ke fitar da mutum daga tsibirin da ya fi kusan ko'ina kuɗi? Tsada. Arzikin Bamuda a kan inshora yake, musamman inshorar da kamfanonin inshora ke yi wa kansu saboda manyan bala'o'i. Harkar ta kafu a tsakiyar shekarun 1980, ta bunƙasa bayan guguwar Andrew ta 1992, ta ƙara bunƙasa bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka da guguwar Katrina ta 2005. Kamfanoni suka cika Hamilton, babban birnin Bamuda, saboda sauƙin haraji da kusanci da Amurka. Manyan kujerun, na akantoci da lauyoyi da masu lissafin haɗari, kaso mai yawa 'yan ƙasashen waje ne ke kansu, daga Birtaniya da Kanada da Amurka, kuma kuɗin hayar da kamfani ke biya musu shi ke yanke farashin haya ga kowa. Ƙasar ba ta da faɗin da za a yi gini a wadace. Kusan duk abinci ta jirgin ruwa yake zuwa, gwamnati kuma ta dogara sosai da kuɗin kwastan, don haka kaya da yawa da ake shigowa da su suna ɗauke da haraji. Inshorar lafiya da aiki take tafiya, mutum ya rasa aiki ya shiga uku. Dalarsu daidai take da ta Amurka, ɗaya da ɗaya. Mafi ƙarancin albashi da aka kafa a 2023 dala 16.40 ne a awa, kuɗin da ɗan Kampala zai ji ya riƙe baki, amma a can ba ya riƙe gida mai yara.

Bayan rikicin kuɗi na 2008 tsibirin ya yi shekaru a jere cikin koma-baya, dubban ayyuka suka tafi, a otal-otal da gine-gine da kantuna. A daidai lokacin ne rikicin gungun matasa masu bindiga ya tsananta. Iyalai suka fara amfani da fasfon da 2002 ta ba su, suka nufi garuruwan tsakiya da arewacin Ingila inda haya ke da sauƙi. Akwai iyayen da suka tashi don kawai su raba ɗansu da unguwa.

Nan kuma launin fata ya shigo. An 'yanta bayi a Bamuda a 1834, amma wariya a otal da gidan kallo ta ci gaba har zuwa ƙauracewar gidajen sinima ta 1959, kuma sai a 1968 aka yi zaɓen farko da kowane baligi ke da ƙuri'a ɗaya ba tare da duba dukiyarsa ba. Jam'iyyar PLP, wadda yawancin baƙar fata ke bi, ba ta hau mulki ba sai 1998. Baƙar fata sun ɗan haura rabin jama'a, farare wajen kashi 31 cikin 100, kuma ƙidaya bayan ƙidaya tana nuna farare sun fi samu. Saboda haka 'yan Bamuda a ƙetare kashi biyu ne da ba sa cika haɗuwa. Akwai 'ya'yan masu hali da ƙwararru, waɗanda dama fita karatu dole ce gare su tunda tsibirin kwaleji ɗaya gare shi, ba shi da cikakkiyar jami'a. Su ne a ofisoshin inshora na Landan da Toronto, kuma ƙofar komawa a buɗe take musu. Akwai kuma waɗanda tsada ta koro. Abokiyar aikinki, ga dukkan alamu, cikin na biyun take.

Kukan babu da take yi ba shagwaɓa ba ce. Ta zo ta tarar da albashi ƙasa da wanda ta bari, ga harajin samu na kashi 20 cikin 100 da na inshorar ƙasa ana yanka kafin kuɗi ya shigo hannu, alhali a Bamuda babu harajin samu irin wannan. Da 'yan'uwanta na tsibiri take auna kanta, sai ta ga ta sauka. 'Yar Yuganda da ƙannenta na gida take auna kanta, kuma albashinta na wata guda ya zarce abin da talakan ƙasarta ke gani a shekara. Takardar albashi ɗaya, ɗaya na ganin faɗuwa, ɗaya na ganin tsira.

Inda masu rubutu suka fi yin kuskure shi ne yi wa 'yan Yuganda na ƙetare kuɗin goro. Ba al'umma ɗaya ba ce. Aƙalla huɗu ce, kuma ta farko ma ba baƙar fata ba ce.

Turawan mulkin mallaka sun kawo leburori daga Indiya don shimfiɗa layin dogo daga Mombasa zuwa tafkin Victoria tsakanin 1896 da 1901. Yawancinsu sun koma, amma 'yan kasuwa, galibi daga yankin Gujarat na Indiya, suka biyo layin suka buɗe kantuna. Turawa suka jera jama'a hawa uku, su a sama, Indiyawa a tsakiya riƙe da ciniki da gurzar auduga da sukari, 'yan ƙasa a ƙasa. Ƙullin da wannan ya haifar shi Idi Amin ya hau. Ranar 4 ga Agusta 1972 ya ba su kwana 90 su fice. Wajen mutum 80,000 ne a ƙasar a lokacin. Da yawa suna da fasfon Birtaniya, amma dokar 1968 ta riga ta taƙaita shigar masu irin wannan fasfo, sai da gwamnatin firaminista Edward Heath ta yanke shawarar karɓarsu duk da hayaniyar masu adawa. Jirgin farko ya sauka a filin jirgin Stansted, kusa da Landan, ranar 18 ga Satumba. Kimanin 28,000 suka shigo, aka sauke da yawa a tsofaffin barikokin soja. Kowane iyali ya fito da akwati da wajen fam 50. Hukumar birnin Lesta har talla ta biya a jaridar Uganda Argus tana gargaɗinsu kada su zo garinta, babu gida babu makaranta. Suka zo. Kanada ta ɗauki sama da 6,000, yawancinsu mabiya Aga Khan, shugaban Musulmi 'yan Isma'iliyya.

Ana son ba da labarinsu kamar tatsuniya, sun zo hannu rabbana sun zama attajirai. Gaskiyar ta fi haka ƙura. Mutumin da ke da kanti da direba a garin Jinja na Yuganda ya koma lebura a masana'anta, kuma yajin aikin da aka yi a kamfanin tafireta na Imperial a Lesta a 1974, kan ƙarancin lada da wariya, da yawa cikin masu yinsa su ne. Amma abin da Amin bai iya ƙwacewa ba suka shigo da shi: sun iya riƙe littafin ciniki, suna jin Turanci, suna ba juna bashi a kan amana, kuma gida guda kan haɗa albashin mutum huɗu ko biyar a tukunya ɗaya har a sayi kantin unguwa. Kanti a ƙasa, iyali a bene, uwa a kan teburin kuɗi, uba ya tashi da asuba ɗauko jaridu, yara su jera kaya bayan makaranta, a buɗe har dare lokacin da kantunan Turawa ke rufewa da yamma. Sama da duka, daga ranar da suka sauka suna da izinin zama da na aiki. Ba wanda ya yi shekara biyar yana jiran hukunci. 'Ya'yansu suka zama masu kantin magani da likitoci da akantoci. Dolar Popat, haifaffen Yuganda, yana majalisar dattawan Birtaniya. Arif Virani, da aka haifa a Kampala a 1971, ya riƙe ministan shari'a a Kanada. Zohran Mamdani, da ya ci zaɓen magajin garin New York a 2025, a Kampala aka haife shi, kuma mahaifinsa yana cikin waɗanda aka kora a 1972.

Shi ya sa in kika ga alƙaluma suna cewa haifaffun Yuganda a Birtaniya suna da gidajen kansu kuma suna cikin wadata, ki tambaya su wa ake nufi. Kaso mai tsoka na waccan 60,000 dattawan 1972 ne. Alƙaluman nan ba su ce komai ba game da matar da ke aiki tare da ke.

Kashi na biyu su ne baƙar fata da siyasa ta kora. Zamanin Amin aka kashe babban jojin ƙasa Benedicto Kiwanuka a 1972 da Akbishop Janani Luwum a 1977, masu ilimi suka watse. Likitoci da malaman jami'ar Makerere ta Kampala suka bazu Kenya da kudancin Afirka da Birtaniya. John Sentamu, lauya ne da ya gudu a 1974, ya zama Akbishop na York daga 2005 zuwa 2020. Bayansu sai waɗanda yaƙin farkon shekarun 1980 ya kora, sai 'yan ƙabilar Acholi da sauran mutanen arewa bayan Museveni ya hau a 1986 da kuma yaƙin madugun 'yan tawaye Joseph Kony. Waɗannan ta hanyar neman mafaka suka shigo, kuma hanya ce mai cin shekaru. Mutum ya zo da digiri, ya zauna yana jiran takarda, ranar da ta fito an daina kallon digirin. Abin da na fi gani yana karya iyali ke nan, ba rashin ilimi ba.

Na uku su ne masu neman abinci, waɗanda a gida ake ce musu 'yan "kyeyo", masu shara a ƙasar Turawa. Garin Waltham kusa da Boston har laƙabin ƙaramar Kampala ake yi masa, kuma aikin da ya riƙe mutanensa shi ne irin naku, jinyar tsofaffi da taimakon nas. Sai dai a lura, kuɗin jirgi da biza da shaidar banki ba na ɗan ƙauye ba ne. Wanda ya isa Boston ko Landan yawanci ya gama sakandare mai kyau ko jami'a, gidansu da ɗan abin hannu. Ke nan Bamuda tana fitar da na ƙasa-ƙasanta zuwa Ingila, Yuganda tana fitar da na sama-samanta. In suka haɗu a wuri ɗaya, ba abin mamaki ba ne 'yar ƙasar talakawan ta fi takardun makaranta, kuma bayan shekara goma, in ta tsallake siraɗin biza, ta riga ɗayar zama nas ko sayen gida.

Kashi na huɗu ba ya zuwa Turai, kuma shi ne ya fi saurin ƙaruwa. Tun 2005 gwamnatin Yuganda ta kafa ƙa'idojin ba kamfanoni lasisin fitar da ma'aikata, a ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago. Da farko maza ne, dubbai, suka tafi gadin sansanonin Amurka a Iraƙi. Daga baya mata suka rinjaya. An ƙulla yarjejeniya da Saudiyya a 2015, aka dakatar da tura 'yan aikin gida a farkon 2016 saboda rahotannin cin zarafi, aka sake buɗewa a 2017. Wanda ya taɓa bi ta filin jirgin Entebbe ya ga abin da idonsa: 'yan mata a layi, kaya iri ɗaya, kowace da ambulan ɗin takardu a ƙirji, wakilin kamfani yana kiran suna, da yawansu ranar ce ta farko da suka shiga filin jirgi. Kwantiragin shekara biyu, albashi wajen riyal 900 a wata, zama a gidan mai gida, fasfo sau da yawa a hannunsa. Ke da kika san labarin matanmu masu zuwa aikatau Saudiyya ba sai na yi miki dogon bayani ba. Waɗannan ba sa kafa al'umma a inda suka je, ba zama, ba iyali, ba fasfo a ƙarshe. Bamuda ba ta da makamancin wannan ko kaɗan. Ita ce ma mai ɗaukar irinsu, daga Filifin da Jamaika da Indiya da tsibiran Azores na Fotugal, su yi aikin otal da gini da jinya.

Wannan ya kawo mu kan hanyar kuɗi. Abin da 'yan Yuganda na ƙetare suka aika gida a 2023 ya kai wajen dala biliyan 1.4, kusan kashi 3 cikin 100 na arzikin ƙasar. Makarantun Yuganda zango uku suke yi, kuma duk mai aiki a waje ya san farkon Fabrairu da ƙarshen Mayu da Satumba, lokacin da waya ke fara kuka ana neman kuɗin makaranta. Tun da MTN ta kawo aika kuɗi ta waya a 2009, uzurin nisa ya ƙare. Kafin ta gama shan shayin hutun rabin awa kuɗin ya isa hannun uwa a ƙauye, kuma kowa ya san zai iya isa. Kusan rabin mutanen Yuganda ba su kai shekara 18 ba, don haka mai albashi ɗaya a waje yana ɗauke da ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa da marayu. Ƙarin awannin da take roƙo an riga an raba su kafin ta yi su. Ɗan Bamuda kuwa, musamman ɗalibi, kuɗi daga gida yake zuwar masa. Iyayensa tsofaffi suna da fansho a dala, kuma fam ɗari da zai aika ba ya sayen abin kirki a Hamilton. Ba wanda ke jiran sa. Sauƙi ne babba, amma kuma yana nufin ba shi da irin girman da ɗan Yuganda ke samu a gida. Shi in ya koma hutu ba wanda ya yi nasara ba ne, wanda ya kasa zama ne.

Ƙungiyoyinsu ma sun bi wannan sahun. Na 'yan Yuganda asusu ne kafin su zama wurin nishaɗi: adashi, ƙungiyoyin ajiya da rance, coci da masallaci, da uwa uba asusun mutuwa, domin binne mutum a ƙasar kakanninsa ba abin wasa ba ne a wurinsu, kuma kai gawa daga Landan zuwa Entebbe dubban fam ne. Babbar ƙungiyarsu ta Amurka da Kanada, UNAA, tun 1988 take taron shekara, inda bankuna da dillalan filaye daga Kampala ke kafa rumfa, 'yan siyasa na gwamnati da na adawa ke zuwa farautar goyon baya. A ƙarƙashinta kuma kowace ƙabila da nata, Baganda daban, Acholi daban, Basoga daban, kuma tsamin siyasar gida yana biyo su. 'Yan Bamuda sun yi kaɗan da yawa su yi irin wannan, ba su kuma da buƙata. Abin da ke tara su shi ne kewar gida, musamman lokacin Cup Match, wasan kurket na kwana biyu tsakanin ƙungiyoyin Somerset da St George's na tsibirin da ake yi a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta don tunawa da 'yanta bayi. Gwamnatinsu tana da ofis a Landan, amma aikinsa ya fi karkata ga ɗalibai da hulɗa da hukumomin Birtaniya.

Sai maganar gida, na bulo da siminti. Ɗan Yuganda a waje burinsa fili mai ƙafa 50 da 100 a gefen Kampala, Wakiso ko Mukono, a gina shi sannu a hankali, wannan shekara tushe, baɗi rufi. Haɗarinsa amana ce. Labarin ɗan'uwan da ya riƙa aiko hoton ginin maƙwabci har mai kuɗin ya sauka ya tarar da ciyawa, kowace ƙungiya tana da irinsa. Doka ma ta taɓa tsaya musu a wuya. Baƙo ba ya mallakar ƙasa a Yuganda sai haya wadda ba ta wuce shekara 99, kuma da can duk wanda ya karɓi fasfon wata ƙasa ya zama baƙo. Shi ya sa suka matsa har aka gyara tsarin mulki a 2005, aka yi dokar 2009 da ta ba da damar riƙe ƙasa biyu. Indiyawan ma dokar 1982 ta buɗe musu hanyar karɓar kadarorinsu, Museveni ya ƙarfafa ta, iyalai irin su Madhvani suka koma kan sukarinsu na Kakira.

Ɗan Bamuda ba doka ce ta tare shi ba, farashi ne. Gida madaidaici a tsibirin kan kai dala miliyan ɗaya ko kusa da haka, kuma albashin Ingila ba ya tara wannan. Tsibirin yana tsufa, a 'yan shekarun nan masu mutuwa sun fi waɗanda ake haifa, gwamnati tana ta kiran 'ya'yanta su dawo su riƙe asusun fansho da na lafiya. Ƙwararrun sukan amsa, domin kamfanin inshora zai biya. Iyalin da haya ta kora, in suka buga lissafin ɗaki biyu da inshorar lafiyar mutum huɗu, yawanci sai su sabunta hayarsu a Ingila.